Yadda kuskuren lissafin mai ke kashe injin ƙananan jiragen sama

Duk lokacin da aka ji labarin cewa wani ƙaramin jirgin sama ya faɗo, abin da ke fara fitowa daga bakin jama'a shi ne injinsa ne ya lalace. Sau da yawa kuwa, idan masu bincike suka kwashe tarkacen, suka kwance injin suka duba shi ɗaya bayan ɗaya, sai su tarar babu abin da ya same shi. A wasu lokutan ma akan ɗora injin a kan teburin gwaji, a ba shi mai, ya tashi garau kamar ba shi ne ya mutu a sama ba. Abin da ya faru kawai shi ne man ya daina isa gare shi.

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, wadda aka fi sani da NTSB, ta fitar da wata takardar gargaɗi a shekarar 2017 a kan wannan matsala. Ƙasar Amurka ce ta fi kowace yawan ƙananan jirage a duniya, saboda haka alƙalumanta ne masana suka fi dogaro da su. Hukumar ta ce tsakanin 2011 da 2015 an riƙa samun haɗurra sama da 50 a kowace shekara waɗanda tushensu shi ne yadda aka sarrafa man jirgi. Kashi 56 cikin 100 na waɗannan haɗurra sun faru ne saboda man ya ƙare ƙarƙaf, kashi 35 kuma sun faru alhali akwai mai a cikin jirgin. A kashi 95 cikin 100 na binciken, an gano hannun ɗan Adam a cikin musabbabin haɗarin, ko dai a shirin tafiya, ko a sarrafa na'urori, ko a rashin sabo da irin jirgin. Waɗanda aka ɗora wa laifin lalacewar wani ƙarfe ko bututu ba su kai kashi 5 ba.

Wani abin da ya fi ɗaukar hankali a cikin takardar shi ne su wane ne matuƙan. Mai karatu zai zaci ɗalibai ne da ba su goge ba, amma ɗalibai kashi 2 ne kacal. Kusan rabin haɗurran sun rutsa ne da matuƙa masu lasisin tuƙin haya ko lasisin manyan jiragen fasinja, wato mutanen da suka san aikin ciki da waje. Mafi yawan haɗurran kuma da rana tsaka suka faru, sama tana garau.

Mai ya ƙare, ko mai bai iso ba

Masu binciken haɗurra sun raba matsalar gida biyu, kuma bambancin yana da muhimmanci domin maganin kowanne daban ne. Na farko shi ne ƙarewar mai, inda babu ko ɗigon da injin zai iya sha a duk tankunan jirgin. Na biyu shi ne abin da za a iya kira yunwar mai, inda man yana nan a cikin jirgin, wani lokaci ma tanki guda cike yake fal, amma hanyar da zai bi ya kai ga injin a rufe take.

Duk wanda ya taɓa hawa babur ya san wannan na biyun. Ɗan acaɓa na cikin tafiya sai injin ya fara shaƙewa, ya sa hannu ƙasan tanki ya murɗa makunnin mai zuwa rizab, babur ya ci gaba da tafiya. In ya manta bai murɗa ba, babur zai mutu da mai a cikinsa, ya gangara gefen titi ya tsaya. Ƙaramin jirgin sama ma yana da irin wannan makunni, sai dai shi ba shi da gefen titi.

Galibin ƙananan jirage suna ɗauke da mansu ne a cikin fuka-fukansu, tanki ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A jirgi irin Cessna 172, wanda shi ne aka fi ƙerawa a tarihin jiragen sama, fuka-fukan suna saman ɗakin matuƙi ne, saboda haka man na gangarowa da nauyin kansa, kuma makunnin yana da matsayin da ke ba injin damar sha daga tankunan biyu a lokaci guda. A jirage masu fuka-fukai a ƙasa, irin su Piper PA-28, sai famfo ya zuƙo man zuwa sama, kuma makunnin dama ne ko hagu ko a kashe, babu na haɗa biyun. Dalili shi ne idan famfo na zuƙa daga tankuna biyu kuma ɗaya ya bushe, iska zai riƙa jawowa maimakon mai. Saboda haka dole matuƙi ya riƙa sauya tanki lokaci zuwa lokaci, yawanci kowane rabin awa ko awa guda, domin kada fiffike ɗaya ya fi ɗaya nauyi, kuma kada tanki ɗaya ya bushe. Wanda ya yi shekaru yana tuƙa Cessna, hannunsa bai saba da taɓa makunnin ba, ranar da ya hau Piper yana iya mantawa da shi ɗungurungum. Akwai tsofaffin jirage masu tankuna huɗu ko fiye, kowanne da ƙa'idar lokacin da ake amfani da shi, kuma a nan ruɗanin ya fi yawa.

Mutuwar mawaƙin nan na Amurka, John Denver, ita ce misalin da malaman tuƙi suka fi kawowa. A ranar 12 ga Oktoba, 1997, ya tashi daga filin jirgin Monterey a jihar Kalifoniya cikin wani ɗan ƙaramin jirgi samfurin Long-EZ da ya saya ba da jimawa ba. Jirgin irin wanda mutum kan haɗa da kansa ne a gida ta hanyar bin zanen mai ƙira. A zanen asali, makunnin mai yana tsakanin ƙafafun matuƙi. Amma wanda ya haɗa wannan jirgin ya mayar da shi bayan kafaɗar matuƙi ta hagu, domin ba ya son bututun mai su ratsa ta ɗakin tuƙi. Niyyarsa ta kariya ce, amma sakamakon shi ne matuƙin da ke ɗaure da bel ba ya iya kai hannu ga makunnin sai ya murɗa jikinsa gaba ɗaya. Gilasan duba yawan mai kuma suna kujerar baya, babu alamar lita ko galan a jikinsu, har sai da makanikin filin ya ara wa Denver madubi domin ya riƙa hango su.

Kafin ya tashi an nuna masa cewa man da ke tankunan ya yi ƙasa, aka yi masa tayin ƙarawa, ya ce ba ya buƙata domin kusan awa ɗaya kawai zai yi a sama. Ya yi gwajin sauka da tashi sau uku, sannan ya nufi bakin teku. Shaidu sun ji ƙarar injin ta canza lokacin da jirgin ke tsakanin ƙafa 350 zuwa 500 daga ƙasa, sai suka ga ya karkata ya tsunduma cikin ruwa. Masu bincike sun gwada zama a irin wannan jirgi suka juya domin kamo makunnin, suka gano cewa duk wanda ya yi haka ƙafarsa ta dama takan danne fedar da ke karkata jirgi ba tare da ya sani ba. Hukuncin NTSB shi ne hankalin matuƙin ya koma kan makunnin, ya taka fedar bisa kuskure, jirgin ya ƙwace masa. Ta kuma lissafa rashin ƙara mai, da wurin da aka sa makunnin, da ƙarancin horo a kan wannan samfurin. Denver yana da shekara 53, kuma ya tara sa'o'in tuƙi sama da 2,700.

Da agogo ake auna man jirgi

Direban mota yakan ce mansa zai kai shi Kaduna ko ba zai kai ba, wato da nisa yake lissafi. Matuƙin jirgi da lokaci yake yi, domin injin yana shan mai ne gwargwadon sa'o'in da ya yi yana aiki, ko jirgin ya ci nisa ko bai ci ba. Iska ce ke raba lissafin biyu.

A ɗauki misali mai sauƙi. Sabon samfurin Cessna 172 na ɗaukar galan 56 na Amurka, amma 53 ne kawai injin zai iya sha, wato kimanin lita 200. Ragowar na maƙalewa a lungunan tanki da bututu. A tafiya ta yau da kullum yana shan abin da ya kai lita 34 a awa, yana gudun kimanin kilomita 200. A ce matuƙi zai yi tafiyar kilomita 600. A takarda awa uku ke nan, lita 102. Ba zai cika tanki ba domin yana da fasinja uku da kayansu, kuma lita 200 na man jirgi ta kai nauyin kilo 144, jirgin ba zai ɗauki duka ba. Sai ya zuba lita 130, yana ganin ya bar rarar kusan minti 50. Da ya hau sama sai ya tarar da iska mai gudun kilomita 50 a awa tana bugowa daga gaba. Gudunsa a kan ƙasa ya koma 150, tafiyar ta zama ta awa huɗu, tana neman lita 136. Injin zai mutu bayan awa uku da minti 49, saura kimanin kilomita 27 ya isa. Wataƙila yana hango fitilun garin ma.

Wannan ƙirƙirarren misali ne, amma siffarsa ita ce ake gani a rahotanni: jiragen da mai ya ƙare musu sukan faɗi ne dab da inda za su. Matuƙin ya san man ya yi ƙasa, ya wuce filaye ɗaya ko biyu da zai iya sauka ya ƙara, amma ya ga ai saura ƙiris. Sauka a hanya na cin lokaci da kuɗi, fasinja na sauri, magariba na gabatowa. Mutum kan shawo kan kansa da irin waɗannan hujjoji cikin sauƙi, musamman in ya taɓa yin haka a baya ya tsira.

A Najeriya lokacin hunturu ya fi fito da wannan matsala fili. Iskar arewa maso gabas takan tare jirgin da ya nufi wajen Maiduguri ko Yola daga tsakiyar ƙasar, ga kuma hazo da kan rufe filin sauka, ya tilasta wa matuƙi yin shawagi ko karkata zuwa wani gari mai nisa. Manyan jirage ma ba su tsira daga wannan tarko ba. A watan Satumba na 1994, jirgin da ya ɗauko 'yan ƙwallon Iwuanyanwu Nationale daga Tunis ya yi ta ƙoƙarin sauka a Tamanrasset ta ƙasar Aljeriya cikin rashin kyawun yanayi har mansa ya ƙare, mutum biyar suka rasu.

Akwai wasu ƙananan abubuwan da ke cin mai a ɓoye. Alƙaluman da ke cikin littafin jirgi an same su ne da sabon inji a hannun matuƙin gwaji, wanda ya daidaita haɗin mai da iska yadda ya kamata. Iska na yin sirara yayin da ake hawa sama, saboda haka akwai wata sanda mai jan kai da matuƙi ke ja a hankali domin rage man da ke shiga injin. In bai yi haka ba, jirgin zai sha fiye da abin da littafi ya faɗa. Murfin tankin da ba a ɗaure da kyau ba shi ma masifa ne, domin iskar da ke bi ta saman fiffike na zuƙe man waje, kuma a jirgi mai fiffike a sama matuƙin ba zai ga yana tsiyaya ba. Ɗumama inji a ƙasa, jiran izinin tashi, hawa sama da cikakken totur, duk suna ci daga lita ɗin da aka lissafa wa tafiya.

Gejin mai na ƙananan jirage, musamman tsofaffi, bai da kyakkyawan suna a wurin matuƙa. Wani ɗan abu ne mai yawo a saman man, irin na mota, a cikin tanki mai faɗi marar zurfi da ke karkata duk lokacin da jirgi ya karkata. Shi ya sa ake koya wa ɗalibi tun ranar farko ya hau tsani, ya buɗe murfi, ya tsoma sandar awo ya ga man da idonsa, sannan ya rubuta lokacin da ya tayar da inji. Sababbin jirage suna da kwamfutar da ke ƙirga man da ya wuce zuwa inji, amma ita ma da adadin da matuƙi ya shigar mata take farawa. In ya ce mata tanki cike yake alhali ba a cika ba, za ta yi ta ba shi lissafi mai kyau a kan ƙarya.

Sai batun ma'auni. Galan na Amurka lita 3.8 ne, na Ingila kuwa lita 4.5. Littafin jirgi na iya magana da galan, mai sayar da mai ya auna da lita, takardar nauyi kuma ta nemi kilo ko fam. A watan Yuli na 1983 wani Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya tashi da fam 22,300 na mai maimakon kilo 22,300, wato ƙasa da rabin abin da yake buƙata. Injinansa biyu suka mutu a sama, matuƙan suka lallaɓa shi ya sauka a wani tsohon filin sojan sama da ke Gimli, kuma duk mutum 69 da ke ciki suka tsira. Idan hakan ta faru a babban kamfani mai injiniyoyi da matuƙa biyu, ba wuya a ga yadda za ta faru da mutum ɗaya da ke lissafi a kan gwiwarsa.

Haɗarin Opebi

A ranar 28 ga Agusta, 2020, wani ƙaramin jirgi mai saukar ungulu samfurin Bell 206 da ya taso daga Fatakwal ya faɗa cikin wani gida a unguwar Opebi da ke Ikeja, 'yan mintoci kafin ya isa filin jirgin saman Legas. Mutum uku da ke ciki duk sun rasu. Da yake wuta ba ta tashi ba, sai aka yi ta yaɗa cewa matuƙin ne ya zubar da man da gangan domin ya ceci mazauna unguwar. Hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta lokacin, AIB, ta bayyana cewa wannan jirgi ba shi da na'urar zubar da mai a sama, kuma ba a sami mai a tankinsa ba.

Bayanan da hukumar ta fitar sun nuna an cika tankin ne kwana ɗaya kafin tafiyar, sannan aka tayar da injin na minti goma, aka kuma yi tashin gwaji na minti ashirin. An ƙiyasta tafiyar za ta ɗauki awa biyu da minti 45, aka rubuta cewa man zai kai awa uku da minti 15. Rarar rabin awa ke nan a takarda, kuma rabin awa ne aka riga aka ƙona a jajibirin tafiyar. Rahoton ƙarshe ya danganta haɗarin da ƙarewar mai a lokacin da jirgin ke ƙasa-ƙasa kuma ba ya gudu sosai, abin da ya sa ya ƙwace wa matuƙin.

Dokokin sufurin sama sun tanadi rarar da ba a taɓawa. A Amurka, ƙaramin jirgi mai fuka-fukai da ke tafiya da gani da ido dole ya tashi da man da zai kai shi inda za shi, da ƙarin na minti 30 da rana ko minti 45 da dare. Mai tafiya da na'urori cikin gajimare kuma sai ya ƙara da man zuwa wani filin na daban idan yanayi ya buƙaci haka, sannan minti 45 a kai. Amma minti 30 a Cessna 172 lita 17 ne kawai, an raba su a tankuna biyu masu faɗi. Ƙungiyar masu ƙananan jirage da matuƙansu ta Amurka, AOPA, ta daɗe tana ba da shawarar kowane matuƙi ya sauka da man awa guda a tanki, kuma shawarar ta fi dokar dacewa da yadda abubuwa ke faruwa a zahiri.

Ruwa a tanki, da man da ba na jirgin ba

Man ƙananan jirage masu fistin wani nau'in fetur ne na musamman da ake kira afgas, kuma wanda aka fi samu, 100LL, ana rina shi shuɗi domin a gane shi. Manyan jirage da masu injin jet suna shan Jet A-1, ɗan uwan kananzir, wanda ba shi da launi ko kuma yana da ɗan ruwan ɗorawa.

Ruwa ya fi mai nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasan tanki, daidai inda bututu ke ɗiba. Yana shiga ta murfin da robarsa ta tsufa idan an yi ruwan sama, ko ta raɓar da ke taruwa a jikin tankin da ba a cika ba cikin dare, ko kuma daga durom ko tankar da aka ɗebo man. Saboda haka kafin tashin farko na kowace rana, da bayan kowane zubin mai, matuƙi kan tsiyayo kaɗan daga ƙasan kowane tanki cikin wani ɗan kofi mai haske ya ɗaga shi sama. In akwai ruwa zai ga ƙwayoyinsa sun taru a gindin kofin. Akwai tarko a nan ma: idan kofin gaba ɗaya ruwa ne, ba za a ga layin da ya raba su ba, sai wanda ya lura babu shuɗi kuma babu wari. A watan Yuli na 2023 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta dakatar da jiragen Boeing 737 na wani kamfani na ɗan lokaci, kuma cikin dalilan har da ruwa mai yawa da aka samu a tankin ɗaya daga cikinsu a Yola. An yi sa'a a ƙasa aka gano shi.

Zuba wa jirgi mai fistin man jet ya fi ruwa haɗari, domin ba ya nuna kansa da wuri. Injin zai tashi lafiya da ragowar afgas da ke cikin bututu, jirgin ya bi titi ya ɗaga, sannan gaurayen ya iso daidai lokacin da injin ke aiki da dukkan ƙarfinsa, ya riƙa fashewa a cikin silinda maimakon ƙonewa a hankali, har injin ya lalace. Hakan ta faru da shahararren matuƙin nan Bob Hoover a San Diego, inda wani yaro ma'aikacin fili ya zuba wa jirginsa man jet saboda ya yi kama da wani samfurin da ke shan irinsa. Injinan biyu suka mutu bayan tashi, Hoover ya saukar da jirgin a wani kwari, shi da fasinjojinsa suka fita da rai. Daga baya ya dage har aka sauya ƙirar bakin tiyon man jet ya zama mai faɗi, aka kuma tsuke bakin tankin jirage masu fistin yadda tiyon ba zai shiga ba. Har yau da sunansa ake kiran wannan baki.

Wannan batu ya shafi makarantun tuƙi na Najeriya kai tsaye. Kwalejin horar da ma'aikatan jiragen sama da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana horar da ɗalibai da jiragen Tampico masu shan afgas, sannan ta sayo jiragen Diamond masu shan Jet A-1, kuma tsada da wahalar samun afgas a ƙasar na cikin dalilan da aka bayar. A duk filin da ƙananan jirage masu kama da juna ke shan mai iri biyu, tsayuwar matuƙi a gefen jirginsa lokacin da ake zuba mai ta zama wajibi.

Akwai kuma wata matsala da ke kama da yunwar mai, wato ƙanƙarar kabureta. Mai karatu a ƙasa mai zafi zai yi mamaki, amma lokacin da fetur ke zama tururi a cikin maƙogwaron kabureta, zafin iskar na iya faɗuwa da sama da digiri 30. In iskar na da laima, kamar a damina ko a kudancin ƙasar nan, ruwan da ke cikinta zai daskare ya toshe hanyar, ko da a waje ana gumi. Jirgin yana da sandar da ke tura iska mai ɗumi ta narkar da ita, in matuƙi ya ja ta da wuri. Masu bincike sukan sha wahala da wannan, domin kafin su iso ƙanƙarar ta narke.

Bayan injin ya yi shiru

Jirgin da injinsa ya mutu ba ya faɗowa kamar dutse. Cessna 172 na iya tafiyar kimanin mita tara gaba a kan kowace mita ɗaya da ya sauko, saboda haka daga tsayin mita 1,000 yana da kusan kilomita tara na zaɓen wurin sauka. Abin da ake koyarwa shi ne matuƙi ya fara daidaita gudun jirgin a kan wanda ya fi kai shi nesa, ya zaɓi fili ko gona ko hanya, sannan ya nemi musabbabi: ya sauya tanki, ya kunna famfon lantarki, ya tura sandar haɗin mai gaba, ya ja ta iska mai ɗumi, ya duba wutar filogi. Idan tanki ne ya bushe, injin kan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi kafin man ɗaya tankin ya kore iskar da ta cika bututu. Matuƙin da ya firgita yakan ɗauka sauyin bai yi aiki ba, ya mayar da makunnin kan busasshen tankin.

Mafi munin lokaci shi ne jim kaɗan bayan tashi. Zuciya takan raya wa matuƙi ya juyo ya koma titin da ya baro, amma juyawar na cin tsayi da gudu, kuma in gudun ya yi ƙasa da wani mizani fuka-fukan sukan daina ɗaukar jirgin, ya kife da ka. Malaman tuƙi suna horar da ɗalibai su saukar da hancin jirgin nan take su sauka a abin da ke gabansu, ko da daji ne. Jirgin da ya shiga gona yana ƙarƙashin ikon matuƙinsa, a hankali, sau da yawa mutanen ciki kan fita da ƙafafunsu.

Kunya ma tana da nata kason. Matuƙi ba ya son ya faɗa a rediyo, kowa na ji, cewa lissafinsa bai fita ba. A watan Janairu na 1990 jirgin Avianca da ya taso daga Kolombiya ya daɗe yana shawagi yana jiran izinin sauka a New York. Matuƙan sun faɗa wa jami'an hasumiya cewa mansu na ƙarewa, amma ba su taɓa furta kalmar da ke nuna halin gaggawa ba, har injinan suka mutu, mutum 73 suka rasu. Hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta tsayar da kalmomi biyu na Turanci da kowa zai fahimta iri ɗaya. Na farko sanarwa ce cewa man ba zai jure wani ƙarin jinkiri ba. Na biyu shi ne a furta Mayday sau uku a haɗa da kalmar mai, wanda ke wajabta wa hasumiya ta ba jirgin fifiko a kan kowa.

A Najeriya, binciken irin waɗannan haɗurra yanzu yana hannun NSIB, wadda ta gaji AIB bayan dokar 2022 da ta faɗaɗa aikinta zuwa jiragen ƙasa da na ruwa. Bisa ƙa'idar duniya, manufar binciken ita ce hana aukuwar irinsa, ba ɗora wa wani laifi ba. Yawancin ƙananan jirage ba su da baƙin akwatin naɗar bayanai, saboda haka da abin da ke ƙasa ake aiki. Jami'an kan fara da hanci, su ji ko wurin na warin mai, su duba ko ciyawar da ke ƙarƙashin fuka-fukan ta ƙone bayan kwana ɗaya ko biyu, domin man da ya zube yakan kashe ta. Sukan duba farfela, wadda in injin na aiki lokacin da ta bugi ƙasa takan murɗe ta yi zane-zane, in kuwa a mace yake sai ta lanƙwashe baya kawai. Sukan ɗauki hoton inda makunnin mai ke fuskanta kafin kowa ya taɓa shi, su tsiyaye abin da ya rage a tanki da bututu su auna, sannan su koma filin da jirgin ya taso su nemi rasiɗin man da aka zuba masa na ƙarshe.